Baban Tantabara Ya Shirya Fim Ɗin Faɗa

A duk faɗin Alƙahira, daga Imbaba har Helwan, ba a taɓa yin mai ido irin Ustaz Wagdi Farshuti ba. Wannan magana ba ƙage ba ce, daga bakin mai idon muka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba. Ustazancinsa ba na allo ba ne. A garin nan duk wanda ya sa tabarau ustaz ne, shi kuwa biyu yake sawa, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, saboda haka ba wanda ya isa ya rage masa komai.

Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana darakta a sashen wasanni na gidan talabijin. Ranar ƙwallo ba ya shiga fili kamar gama-garin mutane. Cikin wata doguwar mota yake zama a bayan filin, ƙananan talabijin jere a gabansa, kowace da abin da kyamararta take hangowa, ga maɓallai ƙarƙashin yatsunsa. Wanda ya danna, shi ƙasa za ta gani. "Alƙalin wasa mutum ashirin da biyu yake mulka," in ji shi, "ni kuwa idon Masar gaba ɗaya ke hannuna."

Sauran daraktoci da abin da suka nuna ake yabonsu. Ustaz Wagdi ya wuce wannan aji, shi da abin da bai nuna ba ya yi suna. Tun yana sabon ɗauka wani babba a gidan ya ce masa ƙwallo tarbiyya ce, kada a kuskura a bar yara su ga manya suna dambe a fili. Babban ya yi ritaya, ya rasu, har jikokinsa sun daina ambatonsa, amma Wagdi ya riƙe maganar kamar wasiyyar uba. Da zarar ɗan wasa ya dunƙule hannu, yatsan Ustaz ya riga hannun sauka. Sai ka ga tuta tana kaɗawa. Sai ka ga wani tsoho yana ɓarar 'ya'yan kankana. Mafi yawa kuwa sai ka ga rumfar manyan baƙi, inda kullum akwai kyamara guda da ba ta da aikin yi sai kallon fuskar babban baƙo. An yi gwamnoni a ƙasar nan da ba mu san su da komai ba sai hammar da Wagdi ya nuna mana.

Ranar da ya kai ƙololuwa ita ce ranar wani wasan ƙarshe na kofi. Faɗa ya kaure tun daga masu tsaron gida har masu ɗaukar gadon jinya. Alƙalin wasa ya ari na kare da takalmi ɗaya. Masu sauraron rediyo sun ji ihu da ƙarar kujeru, mu kuwa masu talabijin aka nuna mana wata tantabara a kan sandar fitila. Ta gyara fiffike. Ta juya hagu. Ta yi abin da tantabara take yi in ta ƙoshi, aka maimaita mana shi a hankali don kada wani ya ce bai gani ba. Tun daga ran nan muke kiransa Baban Tantabara. Shi ya ɗauka don ita alamar zaman lafiya ce, har ya sa tela ya ɗinka masa ita a aljihun riga.

Sai tauraron ɗan'adam ya zo, kwanukan kamo tashoshi suka cika rufin gidaje, tashoshin waje suka riƙa nuna naushi ɗaya ta kusurwa huɗu. Nan mutane suka gane ashe shekara da shekaru ana dambe a ƙasarsu ba su da labari. Ustaz Wagdi ya ajiye aiki don raɗin kansa, mako guda bayan an ba wani kujerarsa.

Bai daɗe a gida ba ya bayyana a gidan shayinmu na kan kwana, sanye da falmaran mai aljihu ta ko'ina, ga usur rataye a wuya. Bai zauna ba. Manya ba sa yin sanarwa a zaune.

"Jama'a, ƙwallo ta yi mini kaɗan. Kifin teku ba ya zama a randa. Mutumin da ya tuƙa wasan ƙarshe da kyamara tara, me ya rage ya gagare shi? Fim zan yi. Fim ɗin faɗa, irin wanda Amurka za ta gani ta rufe shago ta dawo sayar da wake. Jini! Wuta! Ƙarar ƙashi! Na ma raɗa masa suna, Guguwar Imbaba."

Ammu Girgis mai guga, wanda ba ya barin magana ta wuce ta ƙofarsa ba tare da ya yi mata kari ba, ya ce, "Ya Basha, kai da ko marin sauro ba ka taɓa nuna mana ba?"

"Don na san darajar naushi ne, ya Girgis. Ba zubar da su na yi ba, tara su na yi. Suna nan cikin kaina a jere. Yanzu zan zazzage su, ku dai ku tanadi zuciya."

Kuɗi kuwa aka samu a wurin Hajji Mitwalli mahauci, mai shaguna uku da burin a san shi a wajen unguwa. Sharaɗinsa biyu ne: allon shagonsa ya fito, ɗansa Tamir ya zama jarumi. Tamir ƙato ne mai ɗaga ƙarfe. Wuyansa ya fi kansa kauri, kuma abin da ke cikin kan bai taɓa ba wuyan wahala ba. Ustaz ya zagaya shi sau biyu, ya sauke tabarau na goshi ya ɗora kan na hanci, ya ce tun da yake bai ga fuskar da kyamara za ta so kamar wannan ba. Hajji ya ƙara kilo biyu na tsoka a kan yarjejeniya.

Sauran kaya Allah ya hore su a unguwa. 'Yan daba dai yaran shagon nama ne, da wuƙaƙensu na aiki. Jini kuwa zoɓo ne da aka kaɗa da sukari, shi ya sa duk wanda aka kashe a fim ɗin sai ka ga yana korar ƙuda a ɓoye. Hayaƙin bom daga kurar mai gasa dankali ake aro shi. Tseren motoci da keke mai ƙafa uku guda biyu aka yi shi, kuma direban na 'yan daba ya taɓa tsayawa ana tsakiyar bin sa ya ɗauki wata tsohuwa zuwa kasuwa, ya ce ai fim ba zai sa masa mai ba. Kowace safiya Ustaz yana tara su gaban allo da alli, ya jera 'yan daba huɗu a baya, uku a tsakiya, ya gargaɗe su kan satar gida. Da usur ake farawa. In rana ta take a je hutun rabin lokaci, a raba yankakken lemo da nasiha.

Amma babbar fasaharsa tana cikin motar burodi. Ya sayo tsofaffin kyamarori uku a gwanjon tsohon wurin aikinsa, irin waɗanda ba sa riƙe kaset a cikinsu, sai dai su tura hoto ta waya. Ya ja wayoyin zuwa wata motar burodi da ta daina tafiya, ya jera talabijin uku da maɓallai, da na'urar naɗa guda ɗaya tak.

"Daraktocin yanzu teloli ne," in ji shi. "Su ɗauki abu sau goma, su shiga ɗaki su yi ta yanka da liƙi. Tsoro ne ke sa su. Ni kai tsaye nake aiki, kamar rayuwa. Abin da yatsana ya zaɓa shi ne fim. Abin da ya bari kuwa, dama bai cancanci shiga tarihi ba."

Kyamara ɗaya ta jarumi ce, ɗaya ta abokan gaba. Ta ukun kuwa tana kan Hajji Mitwalli, wanda yake zuwa kullum ya zauna ƙarƙashin laima a kujera mai hannu, yana jan carbi yana duba inda kuɗinsa ke zuwa. Da mai riƙe da ita ya yi ƙorafin cewa Hajji ba ya cikin labarin, Ustaz ya dube shi da tausayi. "Taro ba babban baƙo, ai wasan yara ne a lungu," in ji shi. Kaset ɗin kuwa ba wanda ya ga abin da ke ciki. A ɗaya daga aljihun falmaran yake kwana.

A nan zan ɗan ajiye dariya in ba ku labarin Usta Bayumi, don shi ne mutumin da ya sa abin da ya fi kuɗi a wannan fim. Usta a garin nan laƙabin gwanin sana'a ne. Bayumi maƙwabcinmu ne, gajere, mai faɗin ƙirji da gashin baki. Shekara talatin sana'arsa ita ce faɗuwa a madadin jarumai. In jarumi zai diro daga jirgin ƙasa, Bayumi ne. In za a cilla shi ta taga, Bayumi ne. Jarumin yana inuwa yana shan lemo, sai an gama a yayyafa masa ƙura a kafaɗa ya tashi ya rungumi jaruma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk ƙashin da ke jikin Bayumi ya san asibiti, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a majigi, don ranar da aka ga fuskarsa aikin ya ɓaci ke nan. Matarsa, Ummu Nirmin, ta gaji da a kai ta silima a nuna mata gwiwar hannu a ce mata ga mijinki nan. Likita kuma ya riga ya gaya masa cewa gwiwoyinsa saura faɗuwa ɗaya gare su, ya zaɓi inda zai kashe ta.

A Guguwar Imbaba ya zaɓa. Ya ce wa Ustaz ba ya son ko fam ɗaya. Abin da yake so shi ne a ga fuskarsa sau ɗaya, sosai, a cike da majigi, yana yin abin da ya iya, don matarsa da jikokinsa su nuna su ce ga shi nan ba tare da an yi musu gardama ba. Ustaz, wanda bai taɓa ƙin abin da ba na biya ba, ya dafa kafaɗarsa.

"Ya Usta, fuskarka taska ce, ba a buɗe taska a farkon fim. Kai ne bos, uban 'yan daba. Za ka sa baƙin ƙyalle a fuska tun daga farko har ƙarshe, Masar ta yi ta tambaya, wane ne wannan? Sai a wasan ƙarshe, kan rufin bene hawa huɗu, ka fizge ƙyallen, Tamir ya kai maka hauri a ƙirji, ka taho ƙasa kana kallon kyamara. Zan maimaita shi sau uku a hankali. Uwar da ta haife ka ma sai ta sake saninka."

Bayumi ya koma gida ya sa aka rage masa gashin baki, ya yi wata guda yana faɗa cikin baƙin ƙyalle a zafin bazara. Yaran shagon nama ba su iya dukan ƙarya ba, da gaske suke kai masa, yana shanyewa. Mun sha ganinsa da yamma yana hawa benen nan shi kaɗai, yana leƙa ƙasa yana auna wurin da ido.

Ranar dirowa Ustaz ya sa aka kore mu duka zuwa bayan layi, wai kada asirin bos ya tonu, alhali ko kuliyoyin unguwa sun san Bayumi ne. A ƙasa aka ajiye babbar mota cike da kwalaye da katifu. Katifun ba su kai yadda Bayumi ya nema ba, Hajji ya ce katifa ta yi tsada, aka cike gurbin da ciyawar ragunansa. Bayumi ya duba, ya hau. Daga bayan layi muka ji usur. Muka ji ihun Tamir. Sai wani irin shiru, sai tim. Ƙafar dama ta karye a wuri biyu. Ana ɗaukarsa zuwa asibiti, zufa na karyo masa, abin da kawai yake tambaya shi ne, "An ɗauka? Fuskar ta fito?" Ustaz ya leƙo daga motar burodi ya ɗaga masa babban yatsa. Ummu Nirmin ta ce mana tun daga nan har asibiti murmushi yake yi.

Hajji bai yarda a kai fim ɗin silima ba sai unguwa ta fara gani. Ya sa aka rufe titin gaban shagonsa da rumfar biki, aka jera kujeru, aka ɗaura farin zanen gado tsakanin sanduna biyu. Ya yanka ɗan maraƙi. Ya kuma ɗauko Ramzi mai ɗaukar bikin aure, da kyamararsa ta kafaɗa, don kada wannan rana ta ɓace wa zuriya. Ana idar da magariba wuri ya cika. Aka kawo Bayumi da sandar dogarawa, ƙafa a naɗe fari fat har cinya, cikin jallabiyar da ya ɗinka don ranar. Ummu Nirmin ta taho da 'ya'ya da jikoki da surukai, har da wata ƙanwar uwarta da aka ɗauko daga ƙauye a jirgin ƙasa. Aka ba su layin gaba.

Aka kunna. Sunan Ustaz ya fito, ya daɗe, ya tafi, ya dawo. Ga Tamir yana tafe a lungu, wuya na gaba kai na biye. Ga 'yan daba sun tare hanya, huɗu a baya uku a tsakiya. Matasa suka fara fito. Tamir ya cire riga, ya dunƙule hannu, ya ja shi baya har kunne.

Sai ga shanya a kan igiya, wandon wani yana kaɗawa.

Ana jin ƙarar duka, ana jin wayyo, amma wando muke kallo. Da hoto ya dawo, 'yan daba suna kwance cikin zoɓo, Tamir yana mai da riga. Muka ce ko na'ura ce ta yi tuntuɓe. Faɗa na biyu, wuƙa na tashi sama, sai ga Hajji Mitwalli yana jan carbi. Faɗa na uku, Hajji yana sakace. Tseren keke mai ƙafa uku ya zo daidai inda za a yi karo, sai ga allon shago, nama mai kyau farashi mai sauƙi. Hali zanen dutse. Yatsan da ya yi shekara ashirin yana gudun naushi bai san an canza masa sana'a ba.

"Ya jama'a," in ji Ammu Girgis daga kujerun baya, "wa ya ci? A kunna mana rediyo mu ji!"

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce a ba Hajji kofi, shi ya fi kowa taka leda. Hajji kuwa sai gyara zama yake yi yana ɗaga wa mutane hannu, don shi a ganinsa fim bai taɓa yin kyau haka ba. Layin gaba ne kawai ba a dariya. Bayumi ya ƙura wa zanen gadon ido, yana murza sandarsa. Na ji yana ce wa jikarsa, "Bari dai, na ƙarshen daban ne. Wannan ya yi mini alkawari."

Aka zo rufin bene. Wuri ya yi tsit, don duk iya shegenmu mun san abin da mutumin nan ya biya. Ga bos a bakin rufi, baƙin ƙyalle a fuska, sararin sama a bayansa. Ya ɗaga hannu ya kama ƙyallen. Ummu Nirmin ta miƙe tsaye, ta sa hannu a baki za ta rangaɗa guɗa. Ƙyallen ya fara zamewa, goshi ya fito. Ƙafar Tamir ta taso.

Sai Hajji Mitwalli, ya ɗaga kai sama, baki buɗe, da ɗan guntun ƙosan ta'amiyya a leɓe. Idanunsa suka taho daga sama zuwa ƙasa. Aka ji tim. Hajji ya runtse ido. Kuma da yake Ustaz mutum ne mai cika alkawari, aka maimaita mana shi sau uku a hankali. Da aka koma kan bos, yana kife cikin ciyawar raguna, ba a ganin komai sai tafin takalminsa.

Guɗar ba ta fito ba. Ummu Nirmin ta koma ta zauna a hankali. Tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye ta tambaya da ƙarfi ko yanzu ne Bayumi zai fito. Ni dai ban iya kallon wajensa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, idona ya kawo ruwa. Kaset ɗaya ne, na'ura ɗaya, gwiwa kuma ta riga ta tafi.

Ustaz Wagdi bai ga ko ɗaya daga wannan ba, don masu ido irin nasa ba sa ganin abin da ke kusa. Ya hau ɗan dandamalin da aka yi da akwatunan lemo, ya kira Ramzi. "Tsaya nan bayana, ka ɗauki tafin jama'a ta saman kafaɗata. Kada ka motsa ko ƙasa za ta tsage." Sannan ya karɓi lasifika.

"'Yan'uwana mutanen Imbaba, na ga kun yi shiru. Haka babban aiki yake yi wa mutane. Yau kun ga abin da ba a taɓa yi ba, faɗan da ake gani da zuciya. Na ɗaga ku daga matsayin 'yan kallo zuwa matsayin masu tunani, kuma ban nemi godiya ba."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sandar Bayumi ce a kan kwalta. Ya taho har gaban akwatunan, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa.

"Ustaz, tambaya ɗaya gare ni. Ina fuskata?"

"Ya Usta, ya gwanin gwanaye! Fuskarka tana cikin idon Hajji. Ba ka ga yadda ya runtse ba? Kowane jaki zai iya nuna mutum yana faɗowa. Amma a nuna faɗuwar a fuskar babban baƙo, wannan sai wanda ya yi wasan ƙarshe da kyamara tara. Kada ka damu, a kashi na biyu za mu nemi bene hawa shida."

Bayumi ya jinjina kai kamar ya gamsu. Ya miƙa wa matarsa sandar. "Riƙe mini, ya Ummu Nirmin." Ya tsaya da ƙafa ɗaya. Mutumin nan shekara talatin yana koyon yadda ake kai naushi a kuskure hanci da faɗin yatsa. Ran nan ya manta darasin. Tabarau na hanci ya yi gabas, na goshi ya yi yamma, Ustaz ya bi bayan akwatunan lemo da lasifikarsa. Sai a lokacin guɗar Ummu Nirmin ta samu hanya, kuma an ji ta har bakin kogi.

Ramzi bai motsa ba. Umarni aka ba shi, kuma duk mai ɗaukar bikin aure ya san cewa a kaset ɗin biki faɗa ne kaɗai abin da ake sake kallo.

Kafin sati ya zagayo, kaset ɗin Ramzi ya haihu. Masu tebur a kasuwar Ataba suna sayar da shi tsakanin batir da safa. Ana kunna shi a gidajen shayi, a shagunan aski, a motocin da ke zuwa Iskandariyya. Ga Bayumi nan ya cika hoto, gashin baki a gyare, jijiyar goshi a tashe, ido jajir, yana tahowa kai tsaye wajen mai kallo. Ba a taɓa ɗaukar fuska da kyau haka ba a unguwarmu. Ƙafar dai ba ta koma daidai ba, har yau yana ɗingishi, amma in ya ratsa kasuwa direbobi suna danna masa oda, yara suna tsayawa da ƙafa ɗaya suna kai wa iska naushi. Ummu Nirmin ta sayi kaset uku, wai ko ɗaya zai gaji. Guguwar Imbaba kuwa tana nan a babban shagon Hajji, ana kunna wa masu jiran a yanka musu nama, kuma an ce tana sa su haƙuri.

Da farko Ustaz ya yi rantsuwa sai ya kai ƙara kotu, da Bayumi da Ramzi da kasuwar Ataba baki ɗaya. Da kumburin hanci ya sace, ya kuma ji irin cinikin da ake yi, sai ya sake tunani. Ya sayi sababbin tabarau biyu ya dawo gidan shayi.

"Wa ya tsayar da kyamarar a wurin? Wa ya zaɓi kusurwar? Wa ya ce kada a motsa? Ku duba yadda na ba shi fili, ku duba lokacin da na zaɓa na faɗi. Wannan shi ne fim ɗina na biyu, jama'a, kuma ni ne darakta, ni ne rabin 'yan wasa."

Matsala ɗaya ce. Da yake a bayansa ya tsayar da Ramzi, duk abin da ya fito na Ustaz a kaset ɗin shi ne ƙeya, da ɗan sanƙo, da kunne guda. A unguwarmu mun san mai su. Amma Ustaz ba mutumin unguwa ɗaya ba ne. Yanzu yakan shiga mota ya tafi Shubra ko Giza, ya nemi gidan shayin da ake kunna kaset ɗin, ya jira daidai wurin, ya miƙe ya buga ƙirji ya ce, "Jama'a, kun san wa ke gabanku? Ni ne wannan!"

Sai su dubi talabijin, su dube shi, wani ya zare bakin shisha ya ce, "Kai ne? To juya mu gani."

Kuma wallahi juyawa yake yi.